Ƙwai tara na kazar Baba

Bayan rasuwar Baba, abin da ya rage wa Inna mai motsi a tsakar gidanmu na Ƙofar Marusa shi ne wata kaza ja da yake ba tsaba da hannunsa. Tana kwance kan ƙwai tara muzuru ya kashe ta. Inna ta naɗo ƙwan a gefen zaninta ta miƙo mini. Ni ce dai mai karatun injiniya, kuma na daɗe ina cika mata baki.

Na haɗa akwatin ƙyanƙyasa da katako da fitila mai ɗumi da batir, na sa ma'aunin zafi ƙarami kamar farcen yatsa. Wayoyin lantarki biyu ne ke kai maganarsa ga 'yar kwamfutar da ke kunna fitilar, ɗaya ta saƙo, ɗaya ta daidaita lokaci. Kwamfutar sai ta kira lambar ma'aunin, ya amsa, sannan ya faɗi zafin, ta nuna a allo. Da na yi wa Inna bayani sai ta ce ashe su ma sai da sallama. Duk da haka ba ta yarda da shi ba. Kullum in ta zo juya ƙwan sai ta ɗora ɗaya a kan fatar idonta, yadda ta ga tsohuwarta na yi. Ni kuwa in yi ta tsokanarta, wai ga ma'auni na biyu ya iso.

A rana ta goma, ina wurin aiki da rana tsaka, ta kira ni ta ce ƙwan sun yi sanyi. Na tambayi abin da allon ya nuna, ta karanta mini, lambar daidai take. Har da 'yar ƙosawa na ce mata ta bar akwatin ya yi aikinsa.

Ta ce, "Ke, tun sahe lambag ga ba ta motsa ba. Mi ad da rai bai motsi?"

Na hau ɗan sahu na dawo. Waya ɗaya ce ta kwance, ma'aunin ya daina amsawa. Laifin kuwa nawa ne. A manhajar da na rubuta, na ce in an kira shi bai amsa ba, a ci gaba da lambar da ya faɗa ta ƙarshe. Kwamfutar ta ɗauka akwai ɗumi, ta bar fitilar a kashe. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Inna ba ta jira ni ba. Na same ta zaune a ɗaki, ƙwan tara cikin rigarta a jikin cikinta, ta rufa da mayafi, ko azahar ba ta tashi ta yi ba. Na gyara wayar, na sake rubutun: in aka kira ma'aunin sau uku shiru, akwatin ya yi ƙara.

Huɗu suka ƙyanƙyashe. Na fara ba ta haƙuri kan biyar ɗin, ta katse ni. Ta ɗago wani ɗan tsako mai ja-ja a bayansa, ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Ɗauko mani kwanon tsabar babanki."