Hannun Alƙalami

Shekara huɗu na yi ina neman aiki a lokacin da ake cewa kuɗin mai ya yi wa ƙasa yawa. Mu dai a Ruwan Godiya labarinsa kawai muka sha.

Ranar da na kawo takardar gama firamare, Baba ya karɓe hauya daga hannuna. Ya ce, "Hannun ga na alƙalami ne. In na sake ganin ka gona, ban yahe ba." Ya gaji da noma, yana son ya ga ɗansa ya zama akawu. Ko gayya ake yi, ina gindin ɗorawa ina kallo, abokaina suna ce mini Malam Zauna.

Na je Faskari, na je Ƙanƙara, na je Sabuwa, har ƙafata ta san hanyar da kanta. Ko'ina maganar ɗaya ce: dawo sati mai zuwa. Daga baya suka ce sai mai takardar sakandare. Tawa ta sha ninki har ta yage a tsakiya, Inna ta liƙe ta da ƙaro. Na gaji, wallahi, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

A shekara ta huɗu aka ce kamfanin gyaran hanya yana ɗaukar leburori a Faskari. Na ce da babu gara ba daɗi. Baba bai so ba, amma ya raka ni, ya tsaya a bayana cikin layi.

Heluma, wato shugaban leburori, ko kallon takardata bai yi ba. Kowa ya zo sai ya ce, "Buɗe hannu," ya murza tafin yana neman kanta. Da ya murza nawa sai ya yi dariya. "Wannan ai ko tuwo mai zahi bai iya ɗauka. Shekara nawa kana zaune?"

Na ce huɗu.

Baba ya miƙo hannu zai roƙe shi. Heluma ya kama hannun, ya juya shi, ya ce, "Yawwa, irin wanga muke so. Baba, ka zo gobe da sahe."

Muka dawo gida. Washegari na ji Baba yana neman takalminsa na taya.