Tukunyar Shiga Teku a Rijiyar Lambu

Matameye dai ba teku, ba kogi, tabkin ma sai damina ta ga dama. Amma a gidanmu aka fara mallakar tukunyar iskar masu nutso a teku. Mu ne manya.

Maigidana yasar rijiya yake yi. Tun zamanin ubansa, kafin mutum ya sauka sai an zura fitila da igiya. In ta mutu, iskar ƙasa ta ɓaci ke nan, a yi ta kaɗa ganye a ciki, ko a haƙura sai gobe. Da wannan ƙauyancin ya yi shekara da shekaru yana dawo mini gida da ƙafarsa.

Sai wansa, Alhaji, mai shagon kayan gwanjo, ya dawo daga Kano da wata tukunyar ƙarfe rawaya, da tiyo, da abin cusawa a baki. Wai da ita Turawa suke wuni a ƙarƙashin ruwa, kuma ya samo ta da arahar tsiya. Na ce, "Yaya Alhaji, in lafiyarta lau, me ya sa Turawan suka rabu da ita?" Ya ce, "Ke dai ji da tukunyar miyarki." Aka yi dariya, har da maigidan.

Da suka fita na jijjiga ta. Wani abu na ƙara a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Malamin lakwal, wato makarantar boko, maƙwabcinmu, ya duba lambobin wuyanta, ya ce ranar da aka yi mata gwajin ƙarshe ce, kuma ta girmi 'yata ta fari. Alhaji ya ce ƙarfe ba ya tsufa.

Saura iska. Ina za a samu? Wurin mai facin tasha mana, iska ai iska ce! Ya ɗura mata da injin hura tayar mota har injin ya yi nishi, allurar agogon jikinta ko motsin kirki ba ta yi ba. Manyan masana suka taru suka yanke cewa agogon ne ya lalace. Maigidan ya zuƙa, ya ce warin baƙin mai take yi. Alhaji ya ce zai saba.

Ranar wata Laraba aka kira maigidan rijiyar wani lambu a hanyar Ɗan Barto. Ba a zura fitila ba. Mai tukunyar Turawa, ina ruwansa da fitila? Masu riƙon igiya sun ce ko alwala mutum bai isa gamawa ba suka ji igiyar ta yi nauyi. Suka jawo shi, leɓensa ya yi baƙi, ba ya amsa kira. A amalanken shanu aka kawo shi likita. Ina tankaɗe aka zo aka faɗa mini, na fita ba mayafi ba takalmi. Tsoron da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, ko a naƙuda.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Sai dai hannunsa na dama har yau rawa yake yi, ba ya riƙe igiya. Alhaji ya zo dubiya da lemo, ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya ɗauke tukunyarsa wai kada ganinta ya riƙa tayar mana da hankali. Allah sarki, mai tausayi.

Bayan sati biyu, ina dawowa daga kasuwa, na gan ta a ƙofar shagonsa. An goge ta tana sheƙi, ana ɗaure ta a bayan moto, wato babur. Mai sayen mutumin Yauri ta nan kusa da mu ne, na san shi, sun taɓa yasa tare da maigidana. Ya gaishe ni, ya ce, "Yaya mai jiki?" Alhaji na tsaye yana kallona. Tun da maigidan ya kwanta, hatsin da muke ci daga rumbun Alhaji yake fitowa.

Ni da ake cewa bakina ya fi reza kaifi, na ce, "Da sauƙi." Na ƙara da, "A gaida gida." Ya ce gida zai ji, ya tayar da moto ya tafi.

Har yau in na hango matan Yauri ranar kasuwa, sai in sake layi, kada wata ta tare ni da labari.