Tuwon Madam Mashudatu

Kullum da safe, bayan ta haɗiyi ƙwayar maganinta, Madam Mashudatu takan tuƙa tuwon da ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya. Ta ɗaure kwanon a bayan babur, miyar ayoyo a gefe, ta fito daga unguwarsu ta Tishigu ta nufi makarantar sakandaren da za ta duba ranar. Mijinta ya rasu tuntuni, da ciwon da ya bar mata. Ɗa babu, jika babu.

Aikinta a ofishin ilimi shi ne bin makarantu ta gano ko darasin ƙanjamau yana shiga kan yara. A aji kam, sai son barka.

Takan tambaye su, "Ana ɗaukarsa ta cin abinci tare?"

"A'a, Madam!" Har kwanon rufi sai ya amsa.

"Madalla. To ni ɗin nan da kuke gani, ina ɗauke da shi."

Idan aka fita hutun tara, ta zauna a gindin dogonyaro, ta buɗe kwano, ta wanke hannu, ta ce, "Bismilla." Wannan ita ce jarrabawarta.

Jama'a, 'yan makarantar kwana fa! Yaran da ko ƙanzo aka ajiye sai sun ba hammata iska a kansa, ranar duk sai su zama waliyyai. "Madam, na ƙoshi." "Madam, ina azumin nafila." Ranar Laraba! Haka za ta ci abin da za ta iya ita kaɗai, ta rufe sauran, ta koma ofis ta faɗi abin da ta gani: sun haddace, amma ba su yarda ba.

Wani shugaban makaranta, Malam Yidana, ya taɓa tare ta rai a ɓace. "Madam, yarana sun amsa komai daidai. Me kuma kike nema?"

"To kai zo mu ci, su gani."

Ya dubi agogo, ya tuna yana da miting.

Sau ɗaya tak wani hannu ya shiga kwanon nan. A wata makaranta wajen Choggu, wata ɗaliba, Sahada, wadda ita da kanta ta yarda a ba da labarin, ta zo ta durƙusa, ta yanki loma. Daɗi ya kama Madam. Sai yarinyar ta raɗa mata, "Madam, ni ma an ce ina da shi. Har mamana ta ware mini kwano."

Madam ta riƙe ta. Daga ranar ita ke goya ta a babur zuwa asibiti karɓar magani, har ta gama makaranta. Yau Sahada tela ce a Kumasi, da ɗanta lafiyayye. Amma maƙwabta sun ce ran da Sahada ta ci tuwon nan sun ji kukan Madam ta katanga, domin wadda ta ci da ita ɗin, wadda ba ta da sauran abin tsoro ce.

Watan jiya ta ajiye aiki. An yi jawabai, an ba ta atamfa da agogon bango. Abinci kuwa, kowa aka miƙa masa nasa a ƙulle cikin leda. Wallahi abin ya ba ni haushi. Da aka tambaye ta ko darasin ya shiga, ta yi murmushi ta ce, "Rabi ya shiga. Yanzu suna ba ni hannu."

Madam, ke ce kika tona asirin kanki a gaban yaran da ba ki haifa ba, don kada gobe su gudu daga 'yan'uwansu. Ke ce mai bismillar da ba ta gajiya. Kin sha kaɗaici a cikin taro, ba ki taɓa zagin ɗan kowa ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri.

Ku kuma malamai da iyaye, yaro ba ya koyon abin da bai ga babba ya yi ba. Kada ku aika mata gaisuwa ta waya. Gidanta ba ɓoyayye ba ne, kowane mai keken haya na yalo-yalo a Tishigu zai kai ku ƙofa. Ku je da azahar, kuma ku je da yunwarku.