Baitocin da Tirofimus Ya Raba wa Matattu

Tirofimus bawa ne a birnin Rum, aikinsa karatu. Ubangidansa Betiliyus ke rubuta waƙa, shi kuma ya tsaya a zaure ya karanta wa baƙi, domin muryar maigidan siririya ce. Waƙar baiti dubu takwas ce a kan yaƙin basasa, lokacin da Rumawa suka gaji da kashe baƙi suka koma kan juna. Babu wani abin bauta da ya sauko a cikinta ya raba faɗa, babu jarumi ko ɗaya. Betiliyus yakan ajiye babban wa a farkon baiti, ƙane a ƙarshe, mashi a tsakaninsu.

Sarki ya ji waƙar, ba ta yi masa daɗi ba. Aka aiko wa Betiliyus umarni ya yanke jijiyar hannunsa, ya yanke cikin ladabi, ya mutu. Aka ƙone takardun. Wasiyyar maigidan ta 'yanta Tirofimus, ya fita da riga ɗaya a jiki da baiti dubu takwas a ka.

Wanda ya mayar da su takarda, kansa zai biya. Amma a Rum dutsen kabari na matattu ne, ko sarki ba ya kankare shi, kuma kaburbura a bakin hanya suke, mai wucewa yana karantawa. Sai Tirofimus ya kama aiki wurin Garatus mai sassaƙar duwatsu. Duk wanda ya mutu, ya ba shi baiti biyu.

Wata rana matar wani mai burodi da ya rasu ta zo a fusace.

"Baba, wane ƙane ne mijina ya soka? Mutumin da ko kaza bai taɓa yankawa ba!"

"Uwargida, baiti ne mai daraja," in ji Tirofimus.

Garatus bai ɗago daga kan dutse ba ya ce, "Haka ake rubuta wa manya, 'yar'uwa. Yana raye wa ya taɓa jin tsoronsa?"

Ta sake kallon dutsen, ta ce a bar shi.

Matsalar ita ce Rumawa ba sa mutuwa da saurin da Tirofimus yake buƙata. Shekara ashirin, baiti ɗari uku. Kuma kai ya fara yoyo. Wata safiya yana cin wake da man zaitun, ya nemi baitocin yaƙin jiragen ruwa a kansa ya rasa su gaba ɗaya, baiti ɗari bakwai. Ya ajiye cokali ya yi kuka. Daga ranar ya koma zama a ƙofar likitoci.

Matarsa Kalliste ta ce, "Maigida, kai kaɗai ne a garin nan ke jin kukan mutuwa ka nemi takalmi da murna. Maƙwabta sun daina gaya maka in suna tari."

Ya roƙi Garatus ya riƙa sa baiti huɗu a kowane dutse.

"Dutse ne, tsoho, ba bangon gari ba."

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya riƙe hannun Kalliste yana zuba mata abin da ya rage, da sauri, muryarsa na tsinkewa. Ba ta iya rubutu ba. Yana cewa, "Riƙe wannan, riƙe wannan," tana cewa to. Da ya cika, baiti biyu ta riƙe, su ne Garatus ya sassaƙa masa.

Bayan sarakuna da yawa sun shuɗe, malaman makaranta suka bi hanya suka kwafe abin da ke kan duwatsun, baiti ɗari uku da goma sha biyu. Ɗalibai suka haddace, mawaƙa suka kwaikwayi wa da ƙane da mashi. Abin da malaman suka fi yaba wa Betiliyus da shi shi ne bai cika surutu ba.