Tabon Lalle a Fallen Farko

Shekarar da soron littattafan gidanmu ya rufta, kaina ya yi fari amma haƙorana duk suna nan. Lokacin ne ake ɗaga ganuwar Birnin Damagaram, duk wani mai iya riƙe tubali an kwashe shi can, ko za ka yi kuka da jini ba za ka sami magini ba.

Kakanninmu daga Barno suka zo, kuma littattafai suka fi yawa a kayansu. Ubana ya gaje su, ya ware musu soro guda kusa da zaure. Malaman Damagaram sukan zo su zauna a ciki su kwafi abin da suke so. Doka ɗaya ce: littafi ba ya ƙetare ƙofar gidanmu. Da ubana ya rasu ƙanena ya gaje su, shi kuwa fatauci ya sa gaba. Gara ta cinye azara a ɓoye, ruwan farko na damina ya ƙarasa aikin. Yana ɗaure kayan tafiya Kano ya ce mini, "Yaya, ki kwashe su ki kai ɗakinki. Wanda ya matsu, ki fito masa da abin da ya nema zaure, har a gyara soron."

Haka littattafai suka koma cikin gida, inda namijin waje ba ya takawa. Ban san ko baƙi ɗaya ba, amma na fi kowa sanin su, don ni ke shanya su ina kakkaɓe su tun ina budurwa. Na san mai warin hayaƙi, na san mai nauyi kamar dutsen niƙa. Gafakokinsu, wato jakunkunan fatar da ake zura su ciki, da yawa gara ta huda su. Na kira baduku ya ɗinka sababbi, duk iri ɗaya, na sauya wa kowane littafi gida yadda na ga dama.

Ana cikin haka wani tsoho ya zo daga Zermu a kan jaki. Muryarsa kawai na ji a zaure na gane shi.

Ina yarinya shi ne babban ɗalibin ubana. Akwai wani littafi na labaran mutanen farko da ubana ke karanta musu da hantsi yana fassarawa, ni kuma in laɓe bayan ƙofa. An zo kan labarin wani mutum da ya shiga jirgin ruwa neman ɗan'uwansa. Wata rana da suka fita na shiga na buɗe littafin, wai ko zan ga jirgin. An sa mini lalle ranar, bai gama bushewa ba, babban yatsana ya fito sarai a saman fallen farko. Babban ɗalibin nan ne ya gani. Bai kira ni gefe ba. Ya ɗaga fallen a gaban ɗalibai ya ce, "Malam, gara ta shigo maka soro, mai ƙafa biyu." Aka yi dariya. Ubana ya zane ni da igiyar guga, aka toshe ƙofar da ke tsakanin soron da cikin gida. Ban ƙara jin labarin ba. Har na yi aure na haihu, yaran unguwa in sun so tsokanata gara suke ce mini.

Na yafa mayafi na fito. Ya rame, idonsa na hagu fari fat, na dama kuma yanar ido ta fara hawansa. Muka gaisa, ya yi mini gaisuwar ubana da ya rasu shekara da shekaru.

Ya ce, "'Yar malam, buƙata ce ta kawo ni. Na kwafi littafin labaran nan ina saurayi, da shi nake karantarwa a garinmu. Gobara ta cinye mini ƙarshensa. Na tambaya har Mirya, babu cikakke sai naku. Kwana goma sun ishe ni. Idon nan ba zai kai ni kaka ba."

Na ce, "Ayya, Malam. Ga soro a ƙasa. Yaya sunan littafin?"

Ya faɗi sunan da Larabci.

"Ni da ban yi karatu ba, ina zan san wannan? Kwatanta mini."

"Jar gafaka ce, maratayinta ya ƙone a gefe."

Na shiga na ɗauko jar gafakar. Littafin da ke cikinta tuni na sauya shi da wani na rabon gado. Wanda yake nema yana ƙarƙashin gadona, naɗe a tsohon zanena. Ya zaro fallayen, ya kai su har bakin hancinsa, ya juya wajen haske. Ya ce ba shi ba ne. Na ce to, gobe a duba wani.

Ya sauka a masallacin unguwa. Kullum da hantsi sai ya zo da tawadarsa da alƙalumansa a fiƙe, ni kuma in fito masa da guda biyu. Ya roƙi in riƙa kawo biyar. Na ce bayana ba na jaki ba ne. Ya roƙi a bar shi ya shiga ya duba da kansa, ko da an rufe masa fuska har ƙofar ɗakin.

Na ce, "Malam, kai da bakinka? Gidan matan aure? Ai kai ka koya mana kowa ya tsaya inda aka ajiye shi."

Matar ƙanena, mace mai sanyin zuciya, ta ce mini, "Yaya, ki ji tsoron Allah, tsohon nan ba ya ganin bakin rijiya." Na ce ta kula da tukunyarta. Abinci dai ban hana shi ba. Tuwo da miyar kuka har masallaci nake aika masa, da man shanu a kai. Ba wanda zai ce baƙo ya ji yunwa a ƙofar gidanmu.

Da aka saki magina daga aikin ganuwa suka zo suka ɗora sababbin azara, suka yi yaɓe. Saura daɓe, daɓe kuwa aikin mata ne, kuma duk Birni an san hannuna. Na tara matan unguwa muka zuba tsakuwa, muka yi ta bugu da waƙa. Daɓen kwana uku na mayar da shi na mako biyu. Na ce bai kwanta ba, a sake. Na ce makubar, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ake shafa wa daɓe, ba ta yi duhu ba, a jiƙa wata. Yana zaune a zaure yana jin bugun madaɓi, in an tsaya sai ya ɗaga kai ya ce, "An gama?" Matan su ce, "Saura kaɗan, Baba." Su da gaske suke faɗa.

Wata rana na fito da littattafai na tarar yana fiƙe alƙalami ya yanke yatsa, jini na ɗiga a rigarsa, yana lalube yana neman inda wuƙar ta faɗi. Tana gaban gwiwarsa. Na ɗauka na miƙa masa.

An fara yankan gero ranar da na buɗe soron. Na jera littattafan a alkukai, manya a ƙasa, ƙanana a sama, na turara wurin. Daɓen yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, har yau ba a sake irinsa ba. Na aika a kira shi. Da sanda ya zo, yana bin bango da hannu. Na shimfiɗa masa buzu inda haske ya fi faɗowa, na ciro littafin daga zanena na ɗora masa a cinya.

Ya shafa shi, ya sunsuna. Ya ɗaga fallen farko ya kai ido, ya matsar, ya dawo da shi. Tabon lallena yana ƙasa. Na sa hannu na juya masa.

Na ce, "Kansa a ƙasa ka riƙe, Malam."

Can ya ce, "Yaya aka yi kika sani?"

Na kama yatsansa na ɗora a kan tabon. "Ga inda gara ta taɓa."

Sannan ya ce, "Tun yaushe kika gane littafin?"

"Tun ranar da ka sauka daga jaki."

Na zaci zai zage ni, na ma shirya amsa. Sai ya tattara fallayen, ya daidaita gefensu a gwiwa yadda ubana ke yi, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Kin san ni ma ban riƙe ƙarshen ba? Na dogara da takarda."

Na ce, "Mutumin nan na cikin jirgi, ya ga ɗan'uwansa?"

Ya ce, "Wallahi na manta."

Washegari wani mai kai gishiri ya ja masa jakin zuwa Zermu. Tawadarsa da alƙaluman ya bar su a zaure, na ba matar ƙanena ta hura wuta da alƙaluman. Da ƙanena ya dawo ya ga soron ya ce ban taɓa aikin da ya kai wannan ba. Malamai suka koma zuwa kamar da. Kowannensu zai iya karanta mini ƙarshen nan kafin ruwa ya tafasa, ban taɓa tambayar ko ɗaya ba. Littafin yana alkuki na uku daga ƙofa, ni ke kakkaɓe shi.