Maɗaurin Batir

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka, ba tukwanen Inna nake tunawa ba, injin motar Baba nake gani. Kada ka yi dariya, mai karatu. A gidanmu na Arlit, da abin wanke tukunya ake goge ƙarfen mota, kuma ni ce mai gogewa, don yayyena maza ba su da haƙuri ko na sisi.

Motar tsohuwa ce, wani Bature ya bar ta a mace, Baba ya jawo ta gida. Shekara uku yana tayar da ita. Fentin waje bai dame shi ba, hankalinsa duk yana ƙarƙashin kapo, wato murfin inji: murfin radiyater sai ya yi sheƙi, wayoyin buji, wato filogi, a jere kamar kitso. Inna kan ce da rufin ɗakinta ya samu rabin wannan kulawa, da ta daina kwana da yashi a gado.

Doka ɗaya Baba ya kafa. A lokacin, kasuwa cike take da tarkacen ƙarfen da ke fitowa daga wajen haƙar uraniyom, maƙera suna yin tukwane da ƙofofi da shi. Baba ya yi aikin rami kafin tari ya fito da shi, ya san wani ƙarfen yana ɗauke da guba marar wari. Ya ce ko allurar irinsa kada ta shigo masa gida.

Abu ɗaya ya rage wa injin, ɗan ƙarfen da ke riƙe batir. Har Agadas ya nema bai samu ba. Wata rana da bazara, ina dawowa daga lakwal, wato makaranta, na hango wani daidai da shi a tulin wani maƙeri. Na san sarai inda tulin ya fito, amma na roƙa, ya ba ni. Na goge shi a ɓoye, sannan na ce wa Baba a jikin wata matacciyar mota na samo. Don murna har maƙwabta ya kira su gani, ni kuwa kaina ya kumbura.

Bayan sati biyu, wasu mutum biyu suka shigo unguwa da ɗan akwatin gwajin gubar nan, suna bi gida-gida. Duk abin da akwatin ya yi wa kuka, sai a ɗauke a kai daji a binne. Maƙwabcinmu ƙofar gidansa aka cire. Baba ya tarbe su da shayi, hankali kwance. Ɗakuna shiru, tukwane shiru. Sai ya buɗe kapo da kansa, don kawai su yaba aikinsa.

Akwatin ya ce ƙas. Ya ƙara. Sai ya ɓarke kamar ana suyar gero a kasko.

Babban cikinsu ya ce ba su da lokacin kwance inji guntu-guntu. In ba a san wane ƙarfe ne ba, motar duka za su ja. Baba ya ɗaga hannu zai rantse da Allah cewa ya san asalin kowane guntu. Duka nake tsoro, amma barinsa ya yi rantsuwa a kan ƙaryata ya fi ba ni tsoro.

"Baba, maɗaurin ne," na ce. "A tulin maƙeri na samo."

Baba ya sunkuya kan injin. Ya kwance shi ya miƙa musu, aka fita da shi, akwatin ya yi shiru. Na runtse ido ina jiran mari. Sai na ji ya tsuguna, ya kama hannayena yana juya su.

"Kwana nawa kika yi kina goge shi?"

"Biyar."

"A ina kika ajiye?"

"Ƙarƙashin tabarmata."

Ya roƙi babban nasu ya bi tafin hannuna da akwatin, sau biyu, ya kuma ba su tabarmar su tafi da ita. Bai ko waiwayi motar ba. Ranar na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Tarin ya tafi da Baba, ramin uraniyom na Akokan ma an rufe, gidaje da yawa sun zama kango. Motar tana gidana, batir ɗin ɗaure da robar taya yadda ya bar shi. Masu so su saya suna cewa aibinta ke nan, wai yanzu ta waya ake odar maɗauri. Ban taɓa odar ba. Ni ma in ƴata ta shigo da wani abu daga waje, kafin in tambayi inda ta samo, hannunta nake fara kamawa.