Jirgi Mai Fukafukai na Dakta Perlita

A shekarar 1974 Dakta Perlita Magbanua ta sauka daga motar gwamnati a garin Mulonde, bakin tabkin Bangweulu na ƙasar Zambiya. 'Yar gajeruwa ce, akwatinta ma ya kusa kai ta tsawo. Daga tsibirin Samar na ƙasar Filifin ta fito, 'yar masassaƙin jiragen ruwa, kuma kwangilar shekara biyu ta kawo ta. Babbar ma'aikaciyar jinya ta asibitin, Bana Mwape, ta dube ta sama da ƙasa.

"Likita muka roƙa, suka aiko mana 'yar makaranta," in ji ta. "Kin ma iya cin tuwon rogo kuwa?"

"Koya mini za ki yi, Bana Mwape."

"To, wanke hannu. Ba a ci da cokali a garin nan."

Kafin wata shida ta iya tuwon, ta fara jin Bembanci, yaren garin, kowa na kiranta "Ba Dakta" don girmamawa, hannunta a tiyata kuwa har daga nesa ake zuwa nema. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne ruwa. Rabin marasa lafiyarta a tsibirin Chisale suke, tafiyar awa uku a kwale-kwale, kuma idan lokacin iska ya kama, tabkin ba ya jin magana.

Wata safiya tana duba yara sai ta ji ihu daga bakin ruwa. Kwale-kwale ne ya kife da mace mai naƙuda, ana hango shi daga tagar asibiti. An ciro mijin da rai. Matar kuwa sai gawarta aka shimfiɗa a yashi. Perlita ta durƙusa ta yi duk abin da ta sani, ba amfani. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, da matar ta iso, tiyatar minti arba'in ce za ta cece ta.

Kwana uku bayan haka ta tafi wurin Bashi Kalaba, dattijon da ya sassaƙa kusan kowane jirgi a gaɓar nan. Ta zana masa a ƙasa yadda jiragen garinsu suke: sanduna biyu a gicciye, gora doguwa a kowane gefe tana kwance kan ruwa kamar fukafukai, don kada jirgi ya kife.

Dattijon ya yi dariya har gatari ya faɗi daga hannunsa. "Ba Dakta, jirgin nawa gurgu ne da za ki ba shi sanduna? Ni na taɓa shiga ɗakinki na ce ga yadda za ki yanka mutum?"

Ta tafi ranta a ɓace, ta sayi tsohon kwale-kwale, ta ɗaure gorar da kanta. Ran Lahadi bayan coci ta tura shi ruwa. Gora ɗaya ta nutse, ɗayar ta ɗaga sama, jirgin ya dinga juyawa wuri ɗaya kamar ɗan akuya a turke. Masunta suka cika gaɓa suna riƙe ciki.

"Ba Dakta, kin kusa isa Chisale?" wani ya ƙwala.

Ta fito jiƙe sharkaf. A ranar ta rubuta wa mahaifinta wasiƙa, ta ce shekara goma sha biyar tana kallonsa yana aiki, ashe kallo kawai ta yi. Wata biyu shiru, sai ga ƙunshi ta gidan waya. Mahaifin nata bai iya rubutu ba. Ƙaramin jirgi ya sassaƙa mata, tsawon kamu ɗaya, da kowane ƙulli a inda ya kamata.

Ta kai wa Bashi Kalaba, ta ajiye a gabansa. Ya ɗauka zai yi ba'a, sai ya ƙura masa ido. Ya juya shi, ya shafa lanƙwasar sandunan da babban yatsa, ya kwance ƙulli ɗaya ya sake ɗaurawa.

"Wa ya yi wannan?"

"Babana."

"Ashe 'yar masassaƙi ce ke, kika yi wancan abin kunya?" Ya miƙe. "Gorarki ɗanya ce, kuma ba ki gasa sandunan sun lanƙwasa ba. Matsa ki ba ni wuri."

Mako uku ya yi yana aikin jirgin. Ranar gwaji ya kira ƙarti shida, ya ce su tsaya a gefe ɗaya su kifar da shi in sun isa. Suka yi tsalle, suka jijjiga, biyu suka faɗa ruwa, jirgin ko gezau. Dattijon ya zagaya yana taƙama kamar daga kansa dabarar ta fito, Perlita kuwa ta bar masa.

Duk da haka mutanen Chisale ba su yarda da jirgin ba, sai ranar Ngosa. Matar wani masunci ce, ta kwana biyu tana naƙuda, ga iska tana kaɗa tabkin har masunta sun janye jiragensu kan tudu. Perlita na tsibirin tana rigakafi, Bashi Kalaba ne ya kawo ta a sabon jirgin. Ta taɓa cikin ta ce tagwaye ne, ɗaya a gicciye, kuma ba asibiti ba rai.

"Gara ta mutu a ɗakinta da ruwa ya ci ta," in ji uwar Ngosa.

"Mama, ni ma cikin jirgin zan kasance," in ji Perlita. "In ya kife, tare zai kife da mu."

Bashi Kalaba da kansa ya kama filafili. Awa huɗu suna faɗa da igiyar ruwa da rana tsaka, Perlita na kwashe ruwa da ƙwarya da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da wuyan hannun Ngosa. Da suka taɓa yashi, Bana Mwape na tsaye da gadon ɗauka. Kafin la'asar aka ji kukan jarirai biyu. Bana Mwape ta fito ta rangaɗa guɗa, mutanen da suka taɓa yi wa likita dariya suka ɗaga ta sama da rigar tiyatarta, tana ta roƙo a sauke ta.

Da kwangila ta ƙare, abokan karatunta suka yi ta rubuto mata daga Amurka cewa ga aiki, ga gida, ga mota. Ta sabunta kwangilar sau ɗaya, sau biyu, daga baya ta daina ƙirgawa. Ta auri wani malamin firamare, Chibale Kunda, suka haifi 'ya'ya uku. Masunta suka yi ƙorafin fukafukan ba sa shiga lungunan ciyawa, Bashi Kalaba ya gyara su yadda za a cire a mayar. Kowane ƙauye na tsibirin ya ajiye jirgi ɗaya na masu haihuwa, ba mai taɓa shi sai don su. Ita kuma ta horar da ungozomomi arba'in da biyu, ta matsa wa hukuma har aka gina ɗakin haihuwa a Chisale. Sau biyu kacal ta koma Samar, na biyun don binne mahaifinta.

Ta rasu a 2019, tana da shekara saba'in da shida. 'Yan'uwanta na Filifin suka nemi a kawo gawar gida, 'ya'yanta suka so maƙabartar Mulonde. Sai ga matan Chisale sun zo sun zauna a ƙofar gida, Ngosa a gaba, gashinta fari fat.

"Shekara arba'in tana ƙetaro mana," in ji Ngosa. "Ku bar mu mu ƙetarar da ita sau ɗaya."

Babban ɗanta ya dubi ƙannensa, ya ce to. Aka binne ta a bayan ɗakin haihuwa na Chisale. Likitar da ke riƙe da wurin a lokacin, ɗaya daga cikin tagwayen Ngosa, ba ta samu tsayawa har ƙarshen addu'a ba, don an kira ta wata ta fara naƙuda.